Filin Tambayoyin Masu Tuƙi: Gudun Wuce Sa'a, Tikiti da Tara

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kusan duk bakinsu ɗaya: gudu, kamu, da abin da ke biyo bayan kamun. Mun tsinci waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, wasu kuma mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban bas ne, ina jigila tsakanin Sakkwato da Gusau. Ran nan jami'ai sunka tsai da ni gaba da Shuni, sunka ce na wuce ƙa'idar gudu. Ni kuwa ban ga allo ko guda ba bisa hanyar. Shin nawa ne iyakar gudun, kuma wa ke da ikon kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Rashin allo ba ya wanke ka, domin iyakar gudun tana rubuce a littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya, kuma duk mai lasin ana ɗauka ya san ta. An raba hanyoyi gida uku. A cikin gari, ƙaramar mota da tasi da bas da babur iyakarsu kilomita 50 a awa, tirela da tanka 45. A babbar hanyar da ta haɗa gari da gari, ƙaramar mota da tasi da bas 80, tirela da tanka 50, babur ma 50. Sai babban titi mai tagwayen hannu, wanda aka raba masu tafiya da masu dawowa: nan ne kawai ƙaramar mota za ta kai 100, bas da tasi 90, tirela da tanka 60.

Inda direbobinmu suke ruɗuwa ke nan. Mutum ya ji ana cewa ɗari, sai ya ɗauka ɗarin ta kowa ce kuma ta ko'ina ce. Hanyoyin da suka fita daga Sakkwato, ta Illela da ke bi ta Kware da Gwadabawa, da ta Jega da ke bi ta Bodinga da Tambuwal, da taka ta Gusau, galibinsu kwalta ɗaya ce mai zuwa da mai dawowa suna gogayya a kanta. Iyakar bas ɗinka a irin wannan hanya 80 ce. Ko ka hau wani yanki da aka faɗaɗa, bas ba ta wuce 90. Da zarar kuma ka shiga tsakiyar gari irin Tureta, ga rumfuna, ga masu talla, ga yara da awaki a bakin kwalta, lissafi ya koma 50 har sai ka fita. Idan akwai allon da ya nuna ƙasa da haka, kamar kusa da makaranta ko wurin aikin hanya, allon ake bi.

Batun masu kamu kuwa, kaki uku ne a hanya kuma aikinsu ya bambanta. Akwai jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, waɗanda aka fi kira 'yan rodsefti. An kafa hukumar a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, yanzu kuma tana aiki da dokar 2007. Su ne ke da jadawalin laifuffuka mai ɗauke da tarar kowane laifi, su ne ke yanka tikiti. Hedikwatarsu ta shiyyar da ta haɗa Sakkwato da Kabi da Zamfara tana nan cikin Sakkwato. Akwai 'yan sanda, musamman sashensu na kula da zirga-zirgar motoci. Ɗan sanda yana da ikon tsayar da kai, ya duba takardunka, ya kama ka idan ya ga kana tuƙin ganganci, ya kai ka ofis, ya gurfanar da kai gaban kotu. Hukuncin kuma na alƙali ne. Na uku su ne 'yan VIO na jiha, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga lafiyar mota da takardunta.

Tambaya: An ba ƙanena tikiti kuma an riƙe masa lasin. Bai taɓa shiga irin wannan ba. Ta ina zai fara? Daga wata 'yar'uwa a Mabera.

Amsa: Malama, ki ce masa ya fara da karanta takardar tun kafin ya ninke ta ya jefa aljihu. Ya duba sunansa, lambar mota, rana da wurin da aka tsayar da shi, laifin da aka yi wa alama, da abin da aka karɓa a hannunsa, ko lasin ne ko takardun mota ko motar kanta. Laifin gudu ana rubuta shi da haruffa uku, SLV, kuma a jadawalin dokar FRSC ta 2007 tararsa naira 3,000 ce da makin laifi 3 a kan lasin. Majalisar tarayya na iya sauya waɗannan kuɗaɗe, saboda haka adadin da ke jikin takardar da jadawalin da ke manne a ofishinsu shi ne abin bi. Idan an yi kuskure a lambar mota ko a suna, ya sa a gyara tun a ranar, domin kuskuren kan dawo ya hana a ga biyan da ya yi.

Takardar nan zaɓi biyu take ba shi. Ko ya amsa laifi ya biya, shi ke nan ya yafe haƙƙinsa na zuwa kotu, ko ya ce bai yarda ba a kai shi gaban majistare. Idan biya ya zaɓa, za a fitar masa da lambar biyan kuɗi ta Remita mai alƙaluma 12, wadda ake kira RRR, ko a shafin hukumar na intanet ko a banki ko wajen masu shagon kwamfuta. Da wannan lamba zai biya a banki ko ta wayarsa, kuɗin ya tafi asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya. Akwai ɗan cajin banki a kai, ya tafi da rarar kuɗi. Daga nan ya ɗauki rasit da tikitin ya kai ofishin da aka rubuta a takardar, wato ofishin 'yan sintirin da suka kama shi, ba kowane ofishi ba. Za su tantance biyan, galibi su zaunar da shi tare da sauran masu laifi a yi masu ɗan jawabin faɗakarwa, sannan ya sa hannu ya karɓi lasin.

Abubuwan da ke ɓata wa mutane lokaci guda uku ne da muke yawan gani. Wani ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai shagon kwamfuta, shi kuma bai biya a kan lambar ba, sai a je ofis a tarar babu komai. Wani ya jefar da rasit. Wani kuma ya ce sai ya samu sarari, har wa'adin da ke jikin takardar ya wuce, wanda kwanaki kaɗan ne, a mayar da maganar kotu. Idan motar aka tsare, jinkiri kuɗi ne: bayan awa 24 na farko, kowace rana akwai naira 200 ta ajiya. Kuɗin ba yawa, amma ga mai motar haya asarar lodin kwana uku ta fi tarar ciwo nesa ba kusa ba. Ya ɗauki hoton tikitin da rasit ɗin a waya ya ajiye.

Tambaya: Motata 'yar Amurka ce, na sayo ta bara. Allura tana kan 70 aka tsayar da ni a hanyar Bodinga, aka nuna mini na'ura wai ina 112. Ashe na'urar nan ba ƙarya take ba? Daga wani Alhaji a Gawon Nama.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, na'urar ce ta faɗi gaskiya, kuma allurarka ma ba ta yi ƙarya ba. Yare ne ya bambanta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna ƙirga gudu da mil, mu kuma dokarmu da kilomita take. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Ka leƙa malejin da kyau: manyan lambobin da ke zagaye na waje mil ne, ƙananan da ke ciki su ne kilomita. 70 ɗin da ka gani 112 ce ko 113 a lissafinmu. Idan kana son 80 ta doka, allura ta tsaya kan 50. A cikin gari ta tsaya kan 30 ko 31. Wanda ya ɗora allurar irin motarka kan 80 yana ganin yana bin doka, kusan 130 yake sheƙawa. A sababbin motoci masu allon lantarki ana iya sauya ma'aunin ya koma kilomita daga maɓallan sitiyari, mai gyaran wayarin mota zai yi maka cikin minti biyu.

Ita na'urar, wadda ta yi kama da ƙatuwar bindigar wasan yara, igiyar rediyo take harbawa. Igiyar ta bugi gaban mota ta dawo, motar da ke tahowa da sauri tana matse igiyar, daga wannan sauyi na'urar ke fitar da gudun. Akwai kuma mai amfani da hasken lesa, wadda ke auna nisan mota sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Wani abu da direbobi ba su sani ba: idan jami'in yana tsaye a gefen hanya ya harbo a karkace, lambar da zai gani takan yi ƙasa da gudunka na gaskiya, wato kuskuren kai yake taimaka wa. Inda za ka iya yin gardama mai ma'ana shi ne idan motoci sun taho a cunkushe, tirela a bayanka ko wata mota tana shan gabanka, domin mai igiyar rediyo takan kama babbar mota ko wadda ta fi sauri. Kana da damar neman a nuna maka lambar cikin ladabi. Idan ka je kotu, lauyanka na iya tambayar yaushe aka yi wa na'urar gwajin daidaito na ƙarshe.

Tunda muna kan maleji, masu sauya tayoyi su kula. Idan ka sa taya mai girma fiye da wadda kamfani ya tsara, kowane juyi ɗaya ya fi cin ƙasa, sai allura ta riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi.

Tambaya: Wasu masu kaki sun tsayar da ni a wani shinge da dare, suka ce na yi gudu, in kawo dubu biyar a kashe magana, in ba haka ba su tafi da mota. Babu takarda, babu na'ura. Na biya don iyalina na cikin motar. Me ya kamata in yi? Daga wani ɗan kasuwa a Tudun Wada.

Amsa: Ɗan'uwa, ba mu ga laifinka da ka duba lafiyar iyali a cikin dare ba, amma abin da ka bayar ba tara ba ce. Tara tana da takarda, tana da lamba, tana shiga asusun gwamnati. Babu jami'in da doka ta ba ikon karɓar tarar gudu a tafin hannu, ko ya miƙo maka lambar asusunsa, ko ya nuna maka mai POS a gindin bishiya. A jadawalin FRSC ma yunƙurin ba jami'i na goro laifi ne mai zaman kansa, naira 10,000 da maki 10, fiye da ninki uku na tarar gudun. Mutum ya gudu daga dubu uku ya faɗa dubu goma, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Idan haka ta sake faruwa, ka tsaya a gefe, ka kashe mota, ka kunna fitilar ciki, ka yi sallama. Kada ka ɗaga murya, kada ka riƙe rigar kowa, domin hana jami'i aiki laifi ne, taɓa jikinsa kuma laifi ne da ya fi na gudu nauyi. Ka ce a rubuta maka takarda ko a tafi ofis. Sau da yawa wannan magana kaɗai ke sa a ce Allah ya kiyaye hanya. Ka riƙe sunan da ke ƙirjin rigar, lambar motar sintiri, wuri da lokaci. Rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar koke-koke da ake kira CRU, FRSC kuma tana da lambar kira kyauta, 122, kuma ƙofar kwamandan jiha a buɗe take ga mai ƙorafi a rubuce.

Tambaya: Mai motar da nake ja ya ce in je a cire na'urar taƙaita gudu, wai tana kashe inji kuma tana hana mu yin sawu biyu ranar kasuwar Illela. Gaskiya ne? Daga wani direba a babbar tasha.

Amsa: Ba ta kashe inji. Abin da take yi shi ne karanta gudun mota, idan ya kai iyakar da aka saita sai ta rage man da ke shiga inji ko ta hana totur ƙara amsawa. Ƙasa da iyakar, mota tana jan lodinta yadda ta saba. Inda ake samun matsala shi ne aikin ɗan koyo: an yanke wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, zafi da girgiza suka sassauta su, sai mota ta riƙa shiɗewa. Maganinsa a koma wurin dillalin da hukuma ta amince da shi, ya gyara haɗin, ya sake saitawa, ya ba da takardar shaida. An fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar gadan-gadan daga 1 ga Fabrairu 2017, rashin ta ko tsinke ta laifi ne da ake yanka wa tikiti, kuma kai da ke riƙe da sitiyari za a tsayar, maigidanka yana gida yana shan shayi.

Ƙorafin da ke da ƙamshin gaskiya shi ne na shan gaban mota: ka fito za ka wuce tirela, ka taka, mota ta ƙi ƙarawa. Wannan yana nufin sai ka sauya lissafi. Idan wucewar tana buƙatar ka haura iyakar, to wurin bai isa wucewa ba, ka koma bayanta ka jira miƙaƙƙen fili.

Tambaya: Ni ina ganin naira 3,000 ba za ta hana kowa gudu ba, ko kuɗin man lita huɗu ba ta kai ba. Wannan ai wasa ne. Daga wani malamin makaranta a Arkilla.

Amsa: Malam, a kan ƙanƙantar kuɗin muna tare da kai. An tsara adadin tun 2007, lokacin da dubu uku kuɗi ce. Jihar Legas, da ke aiki da dokarta ta jiha, ta kafa kyamarorin auna gudu a wasu titunanta a 2025 tana cin tarar naira 50,000, saƙo kawai mai mota zai gani a waya. Sai dai dubu ukun matakin farko ne na tsani mai hawa da yawa.

Akwai maki. Kowane laifi yana da nasa, suna taruwa a kan lambar lasin: gudu 3, waya a kunne 4, rashin ɗaura bel 2, lodin wuce kima 10. Daga maki 10 zuwa 14 gargaɗi ne, 15 zuwa 20 a dakatar da lasin, 21 zuwa sama a janye shi. Direban da aka kama da gudu da lodi da waya a tsayuwa ɗaya ya tara 17 ke nan kafin ya sauke ƙafa daga mota. Sannan gudu yana iya sauya suna. 95 a fili a hanyar Tambuwal laifin gudu ne. 95 a titin Ahmadu Bello ko titin Maiduguri lokacin tashin 'yan makaranta, ko shan gaban mota a kwana da kan tudu, na iya zama tuƙin ganganci, tararsa naira 50,000 da maki 10, kuma idan ta kai kotu alƙali na iya ɗaure mutum har shekara 2. Lokutan Sallah da ƙarshen shekara ana kafa kotun tafi-da-gidanka a bakin hanya, majistare na zaune ƙarƙashin rumfa, a kama ka a yanke maka hukunci nan take.

Idan kuma aka rasa rai, maganar tikiti ta ƙare. 'Yan sanda za su auna wurin, su zana taswira, su auna tsawon zanen da taya ta bari a kwalta, a sa 'yan VIO su duba burki da tayoyi, a tsare mota da direba. Haddasa mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 7. Zaman sulhu da dangin mamaci da maganar diyya, waɗanda aka saba da su a ƙasarmu, haƙƙin iyali ne, ba su ne ke rufe fayil ɗin hukuma da kansu ba. Inshorar nan ta dole ta naira 15,000 ta ƙaramar motar gida kuma, abin da take biya na ɓarnar dukiyar wani iyakarsa naira miliyan 3, ba ta gyara taka motar.

Tambaya: Mu 'yan kabu-kabu da Keke Napep dokar gudu ta shafe mu?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Babur 50 ne, a cikin gari da wajen gari duka, kuma jadawalin tara bai ware ku ba. Ana tsare babur kamar yadda ake tsare mota, kuɗin ajiya ɗaya ne.

Tambaya: Idan matata na naƙuda ko na ɗauko marar lafiya daga ƙauye zuwa asibiti a Sakkwato, ba ni da uzurin yin gudu? Daga wani magidanci a Yabo.

Amsa: Allah ya sauke ta lafiya, Malam. Motar asibiti da ta kashe gobara ne aka sani da jiniya da neman hanya. Kunna fitilun haɗari huɗu a motarka ba ya mayar da ita motar asibiti. Jami'in da ya leƙa ya ga mai naƙuda da wuya ya tsaya rubuta takarda, amma wannan tausayi ne nasa.

Ga lissafin da ya kamata ka yi tun yau da hankalinka ke kwance. Tafiyar kilomita 60 a kan 80 minti 45 ce, a kan 120 minti 30. Kwata ɗaya na awa ka samu, shi ma idan babu rami, babu shinge, babu garken shanu. Abin da ka saya da shi kuwa: a kan 80 mota na cin mita 22 kowace daƙiƙa, kuma bayan ka taka burki a busasshiyar kwalta mai kyau sai ta ƙara kusan mita 36 kafin ta tsaya. A kan 120 tana cin mita 33 a daƙiƙa, burki na buƙatar kusan mita 80. Ka haɗa da daƙiƙa ɗaya da rabi da ido ke ɗauka kafin ƙafa ta motsa, jimla ta kai mita 130, ta zarce tsawon filin ƙwallo. Da dare fitilar ƙasa ba ta haska rabin wannan nisa, da hunturu kuma hazo ya ƙara rufe sauran. Amalanken shanu marar fitila da ka hango, ka riga ka isa gare shi. A watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, tsohuwar taya 'yar gwanjo a kan 120 ita ce ke fara fashewa. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen tayarka bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira, 1519 na nufin mako na 15 na 2019.

Abin da zai fi rage maka lokaci shi ne shiri: mai a tanki tun watan haihuwa ya kama, jakar kaya da katin awo a wuri ɗaya, a tashi da alamar farko ba a jira sai abu ya tsananta ba, a fara tsayawa asibitin da ya fi kusa su duba ta kafin a miƙe Sakkwato, kuma wani ya zauna baya da ita don kada ka riƙa waiwaye kana tuƙi.